Disket ɗin da Kika Mayar Mini

Badariya,
Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Argungu lafiya, kin tarar da Gwaggonki Hajo da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa ki shiga wannan aiki a sa'a.

Na ba Innarki wannan takarda ta sa miki a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa. Kin san halina. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban kuma saba zaunar da ke in yi doguwar magana ba. Haka aka tashe mu a Gulma, ni ma haka na tashe ki. Da hannu na rubuta, ban buga a ofis ba, don kada Madam Rifkatu, abokiyar aikina, ta leƙo ta bayana ta karanta, ta samu abin yi mini dariya har shekara ta zagayo.

Maganar guda ce. Ranar da kika durƙusa a ƙofar ɗakina kika ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan ƙara ba," na ce miki ya wuce. Tun ranar ban samu natsuwa ba. Abin da kika yi mini a shago ya daina damuna. Alkawarin ne ya tsaya mini a rai, kuma ina so ki janye shi kafin ki zauna gaban kwamfutar makarantar da ta ɗauke ki aiki. Amma in na faɗa miki haka kawai, za ki ɗauka lallashi ne irin na uba. Saboda haka bari in bi da ke ta hanyar da na biyo. Wasu labaran kin ji su gutsi-gutsi a bakin tabarmar cin abinci, amma ba ki taɓa jin su a jere ba.

Lokacin da aka yanke jiharmu daga Sakkwato kina ƙarama. Da tafireta muka zo Birnin Kebbi, a bayan a-kori-kura, tare da kujeru da kabad. Na daɗe ina buga takardun ma'aikatarmu da ita kafin a kawo mana kwamfuta. Da aka kawo, aka tura ni ɗan gajeren kwas, aka damƙa mini ita. Ba don na fi kowa ilimi ba ne, ni da na tsaya a sakandare. An ce ni ne teburina ba ya hargitsewa.

Wannan son tsari shi ya fara kayar da ni. Wata rana kwamfutar ta rubuto cewa wurin ajiyarta ya kusa cika. Na shiga dubawa folda bayan folda, sai na faɗa wani wuri cike da fayiloli masu baƙin sunaye, kowanne ya ƙare da .dll. Ba ni na buga su ba. Na buɗe ɗaya, na ga rubutu kamar kaji sun bi ta kan tawada. A lokacin kowa maganar bairos, cutar kwamfuta, yake yi, kuma babu wanda ya taɓa ganin kamanninsa. Na ce a raina, to ga shi na kama shi a gidansa. Na gyara zama na fara sharewa.

Madam Rifkatu tana teburin gefe tana cin gyaɗa. Ta ce, "Malam Umaru, me kake ta sharewa haka tun safe?"

Na ce, "Shara ce, Madam."

Ta ce, "Kai ka zuba ta?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To, wanda ya zuba ta, shi ya ce maka shara ce?"

Na yi mata murmushin wanda ya je kwas. Wasu fayilolin sun ƙi sharuwa, na ji haushinsu. Waɗanda suka yarda kuwa na kwashe su tas. Na tashi aiki ina jin kamar na share masallaci. Washegari na kunna ta, manhajar rubutu ta ƙi buɗewa, firinta ta yi kamar ba ta taɓa sanin mu ba, kowane lungu na taɓa sai ta ce ta nemi fayil kaza ta rasa.

A cinyata na rungume ta cikin mota har Sakkwato, na lulluɓe ta da bargo. Mai gyaran ya duba, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, "Wa yat taɓa cikin wanga wuri?" Na ce ni ne. Ya ce, "Malam, gidan gandu ka taɓa zama?" Na ce a cikinsa aka haife ni. Ya ce, "To, turamen gida kaz zubar, don ba ka ga sunanka bisansu ba."

Ya yi mini bayani, kuma har yau ban ji wanda ya fi nasa ba. Manhajojin da ke cikin kwamfuta ba kowace ke da kayan aikinta ba. Kamar gidanmu na Gulma ne, inda turmi ɗaya yake tsakar gida, guga ɗaya a bakin rijiya, kowane sashe ya zo ya ara ya mayar. Waɗannan fayiloli su ne turmin da gugan. Manhajar rubutu ba ta iya magana da firinta da kanta, sai ta ara. In ka ɗauke su, ba ɗaki guda ka hana girki ba, gidan duka ne.

Abin da na ɗauka daga nan, Uwani: rashin sanin abu ba shaida ba ce a kansa. In kin ga fayil ba ki san shi ba, abin da kika tabbatar kawai shi ne ba ki san shi ba. Za a zo miki da takardun gargaɗi da aka yi ta kwafa daga ofis zuwa ofis har rubutun ya dushe, ana cewa duk wanda ya ga fayil mai suna kaza ya share shi nan take. Kada ki share komai don takardar da ba ta da mai ita. In abin ya dame ki, ki fara kwafe fayil ɗin ki ajiye a gefe, sannan ki yi bincike. Sharewa ita ce ta ƙarshe, kuma sau da yawa ba a kaiwa gare ta.

Sai dai ni, da na dawo daga Sakkwato, na wuce iyaka ta ɗaya gefen. Duk abin da ya ƙare da waɗannan haruffa uku na ɗauke shi kamar dattijon unguwa, ba a tambayarsa daga ina yake. Wannan ya kai ni kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo.

Kina tuna Alhaji Mande, daraktanmu na lokacin, wanda ya kawo rago da kansa ranar sunan ƙaninki. Mutumin kirki ne, Allah ya ba shi lafiya, kuma ban rubuta wannan don in rage masa daraja ba. Wata rana kwamfutarmu ta fara kukan ta rasa wani fayil guda. A wannan karon ba ni na taɓa ba. Alhaji ya ji, ya ce kada in damu, yana da aboki mai irin kwamfutarmu. Bayan kwana biyu ya shigo ofishinmu da kansa, babbar riga tana jan ƙasa, ya zaro disket, ɗan faifan ajiyar fayil, daga aljihu ya miƙo mini. Ya ce, "Ga maganin ciwonka, Umaru. An ce ka danna wanda ke ciki, shi zai saka maka komi."

Na karɓa da hannu biyu. Na sa, na duba. Sunan fayil ɗin daidai yake da wanda muka rasa. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na danna maɓallin dama na maus na duba bayaninsa, inda aka saba ganin sunan kamfanin da ya yi shi da lambar fitowarsa. Wurin fayau, babu komai. Kuma tare da shi akwai wani ƙaramin fayil da ban nema ba, shi ne wanda aka ce in danna. Na ga wannan duka da idona. Alhaji yana tsaye a kaina, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin, masinja da direba suna bakin ƙofa suna kallo. Yaya zan ce wa mutumin da ya girme ni, ya yi mini alheri, ya tako da ƙafarsa, wai ina shakkar abin da ya kawo? Na ji kamar in na ce zan bincika, cewa na yi shi ɗin ne ban yarda da shi ba. Na danna.

Kukan ya tsaya, Alhaji ya tafi yana murna. Kafin mako ya fita takardunmu suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk disket ɗin da ya shiga kwamfutarmu ya fita da ciwon zuwa wani ofis. Rahoton da muka yi wata da watanni muna haɗawa ya tafi. Muka sauko da tsofaffin tafiretoci daga saman kabad, muka kakkaɓe su, ni da Madam Rifkatu muka sake bugawa daga takardun hannu har yatsunmu suka kumbura. Da aka zauna neman yadda aka yi, Alhaji ya juyo ya dube ni, ba da mugunta ba, da mamaki na gaskiya. Ya ce, "Amma Umaru, ai kai ne masanin. In ka ga wani abu, mi ya hana ka faɗi?"

Na koma gida na rubuta tambayar tasa a littafin da nake rubuta al'amuran yini, na zauna ina kallonta. Kunyar da na ji ta hana ni magana ba ta kare shi ba, ba ta kare ni ba. Shi da kansa ya fi son a ce na tsayar da shi.

A nan na tuna kakanki a fadamar Gulma, lokacin cirar ciyawa. Akwai wata ciyawa da ke fitowa cikin shinkafa, ganyenta sak na shinkafa, tsayinsu ɗaya, korensu ɗaya. Da ina yaro nakan tuge shinkafar in bar ta. Sai ya kama hannuna ya kai shi inda ganye ya rungumi kara. Shinkafa tana da ɗan gashi a wurin, ciyawar kuwa sumul take. Bai ce in yarda da ganye ba, bai kuma ce in tuge duk abin da na yi shakka ba. Cewa ya yi in sunkuya in duba.

Tun daga nan na tsara wa kaina yadda nake sunkuyawa, kuma na san kin iya shi fiye da ni, ke da kika yi difloma. Amma ki bar ni in faɗa, ko don in ji na ba ki wani abu. Suna ba ya isa, don kowa na iya ara. Nakan fara da inda fayil ɗin yake zaune. Na gaskiya yana cikin foldar tsarin kwamfuta tare da 'yan'uwansa, ko cikin foldar manhajar da ta zo da shi. In na gan shi yana gararamba cikin takardun mutane, ko ya zo shi kaɗai a disket, sai in ƙara buɗe ido. Daga nan in duba bayaninsa, wa ya yi shi, wace fitowa ce. In duba ranar da ya shigo, in ga ko ta yi daidai da ta maƙwabtansa, ko kuwa shi kaɗai ne ya sauka jiya. In ina da faifan asali da aka saka tsarin da shi, in gwada girmansu. Sannan in bi shi da antibairos, amma ki tuna antibairos ɗin da ya daɗe ba a sabunta shi ba tsofaffin ɓarayi kawai ya sani. Ko duk waɗannan sun yi daidai ban cewa na tabbata, sai dai in ce ban ga abin zargi ba. Kuma in fayil ya ɓace, daga faifan asali ake maido shi, ba daga aljihun kowa ba.

Ba daga aljihun kowa ba. Ni na faɗi wannan a gidanmu ya fi a ƙirga, har ƙannenki suna kwaikwayona in na juya baya. Sai ga shi watan jiya kin dawo daga shagon buga takardu da kike taimakawa a bakin kasuwa, kin ce wa Innarki kwamfutarku ɗaya tana kukan ta rasa fayil, mai shagon kuma ya tafi da faifan asali Sakkwato, sai jibi zai dawo. Ina daga ɗaki na ji. Washegari na kwafo fayil ɗin daga kwamfutar ofishinmu, na hau babur a tsakar rana na zo. Gaskiya, so nake ki ga babanki ya iya wani abu.

Shagon cike yake. Ɗalibai masu jiran a buga musu aikin makaranta, wani dattijo da takardar fili, har da Malam Sani maƙwabcinmu. Na miƙa miki disket na ce, "Sa wannan, ciwon zai tafi."

Kika tashi tsaye, kika karɓa da hannu biyu, kika rusuna. Kika ce, "Sannu da zuwa, Baba. Bari in ajiye shi, sai na duba shi tukuna. Antibairos ɗinmu ya tsufa, kuma aikin mutane ne a ciki."

Na ce, "Ni ne fa na kawo."

Kika sunkuyar da kai, kika ce, "Na san kai ne, Baba. Shi ne ban sani ba."

Wani ɗalibi ya yi dariya ya rufe baki. Malam Sani ya ce, "A'a, Malam Umaru, yau an kama mai kamu!" Na miƙa hannu, kika mayar mini da disket ɗin, na fita ban yi sallama ba. Babur ma sai da ya ƙi tashi, don a ƙara kallona da kyau.

Kin ga yadda na yi kwanaki ina amsa gaisuwarki da ka. Innarki ta gaji ta same ni ta ce, "Malam, kai ka karantar da ita, yanzu kuma kana fushi don ta haddace? Da ta sa abin ya lalata aikin mutane, da wa za ka yi fushi?" Na ce mata ba ta gane ba ne, magana ce ta mutunci a gaban jama'a. Ta ce, "To, Allah ya ba mutunci haƙuri," ta ɗauki kwanonta ta fita.

A ofis na kai ƙararki wurin Madam Rifkatu. Na ba ta labarin tun daga farko, har na tashi tsaye ina nuna yadda kika karɓa da hannu biyu, na maimaita maganarki sau biyu. Ta ajiye abin da take bugawa ta ƙura mini ido. Ta ce, "Malam Umaru, tsaya. Ƙara kake kawowa ko yabo? Don ni ban taɓa ganin mai fushi yana washe baki haka ba." Sai a lokacin na ji ashe murmushi ne a fuskata. Ta ce, "Abin da ka kasa yi wa Alhaji kana da gemu, yarinya ta yi wa ubanta. Ka je ka yi sadaka."

Ta faɗi gaskiya. Ni, darakta ne kawai yake tsaye a kaina, na kasa. Ke mahaifinki ne a gabanki, cikin mutane, kuma kin san zai ji ciwo. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki yi mini rashin kunya ba, ba ki kuma sa disket ɗin ba. Na daɗe ina neman yadda ake haɗa ladabi da tsayawa a kan aiki, na ɗauka sai an saki ɗaya. A shagon nan na ga an haɗa su, kuma ɗiyata ce ta haɗa. Ban san ko ni na koya miki ba. Ina shakka, don ban da shi balle in bayar. Amma a gidana kika tashi, kuma wannan ya ishe ni taƙama.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Bayan na huce na zauna na bi disket ɗin da duk binciken da na lissafa miki. Lafiyarsa lau. Fayil ɗin na gaskiya ne, babu abin da ya biyo shi. Ina jin da kin sa shi da ya yi aiki, ko da yake ban da tabbacin fitowarsa ɗaya da ta kwamfutarku. Na so in zo in gaya miki don in rama, sai na gane babu abin ramawa. Ba ki ce yana da ciwo ba. Cewa kika yi ba ki sani ba, kuma a lokacin ni ma ban sani ba, don ban duba ba kafin in fito.

Shi ya sa "ba zan ƙara ba" ɗin nan take ba ni tsoro. Inda za ki, kwamfuta ɗaya ce a makarantar duka, kuma sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane ne a cikinta. Kusan kowa a wurin ya girme ki. Shugaban makaranta zai zo da disket, malamin da ya koyar da sa'o'in babanki zai zo da nasa, wani zai ce daga ofishin ilimi aka ba shi. Za su tsaya a kanki, wasu za su ce yarinyar nan daga Birnin Kebbi ta cika iyayi. Wani zai kai ƙararki wurin Gwaggonki. In kin tafi da tunanin cewa abin da kika yi mini laifi ne, ranar farko za ki danna, kamar yadda na danna. Kuma in abu ya lalace, wanda ya kawo shi ne zai fara tambayarki me ya hana ki magana.

Ki yi musu yadda kika yi mini. Ki tashi tsaye, ki karɓa da hannu biyu, ki gode. Ki ce, "Ranka ya daɗe, bari in duba shi tukuna." In ana gaggawa, ki ba shi kujera ya zauna ya ga kina dubawa. Mutane sun fi haƙuri da abin da suke gani. In kin ga abin zargi, ki faɗa masa shi kaɗai in da hali, ki kuma nuna masa ba shi ake zargi ba. In kin rasa gane wani abu, ki ce ba ki gane ba, ki tambayi wanda ya fi ki. Wannan ba ya rage kowa.

Sauran abubuwa Innarki ta gaya miki, ta fi ni iya su. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki taimaki Gwaggonki da aikin gida ko kin dawo a gajiye. In kin samu hutu ki leƙa Gulma ki gaida dangi, za su cika ki da shinkafa da busasshen kifi, kada ki ƙi karɓa. Ki lulluɓe kwamfutar in kin tashi, ki kashe ta da zarar wuta ta fara rawa.

Za ki ji wani abu mai tauri a cikin ambulan ɗin nan. Disket ɗin ne. Na ba ki shi, ki ajiye a aljihun teburinki inda za ki riƙa ganinsa. Na gaya miki na bincika, na gaya miki lafiyarsa lau, kuma ni mahaifinki ne, ban taɓa yi miki ƙarya ba. Duk da haka, in wata rana kin buƙace shi, kada ki sa shi sai kin duba da kanki.

Alkawarin da kika yi a ƙofar ɗakina na sauke miki shi. Ki ƙara, Uwani. Ko ni na sake zuwa, ki ƙara.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba ki gani, ya haɗa ki da shugabanni masu adalci, ya dawo mana da ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida Gwaggonki da kyau.

Wassalam.

Mahaifinki,
Umaru